Abin da Ya Sauko da Na-Sama

Na-Sama ake ce masa a wurin aiki, har sunan ya biyo shi gida ya danne na gaskiya. Shi ne ke tuƙa doguwar ƙugiyar nan da ake kafawa a gefen manyan gine-gine, wadda ke ɗaga rodi da siminti ta kai su hawa na sama. Ya haura shekara ashirin a sana'ar. Kullum da safe zai rataya jakarsa, ya kama tsanin ƙarfen da ke tsakiyar hasumiyar, ya yi ta hawa har ya kai wani ɗan akurkin gilashi da bai fi banɗaki girma ba. A ciki akwai kujera ɗaya da sosonta ya lotsa daidai jikinsa, da sanduna biyu na sarrafawa, da oba-oba, da fulas ɗin shayi, da wata gora da ba a tambayar aikinta. In ya hau, ba ya saukowa sai an tashi.

Mutane kan tambaye shi, "Kai ba ka jin ƙunci a wannan kwalin?" Sai ya yi dariya ya ce ai ƙunci yana ƙasa, inda kowa ke taka ƙafar kowa.

Abin ya faro ne kamar wasa. Wani hantsi yana zaune a kujerarsa sai ya ji ƙirjinsa ya yi wani irin tsalle, kamar an jefa kaza a buhu an ɗaure baki. Ta yi ta fuffuka, ta tsaya, ta sake, kafin ya gama mamaki ta lafa. Ya ɗora wa shayi laifi, ya rage ganye. Bayan wasu makonni abin ya dawo, ya ɗora wa gajiya. Bai gaya wa kowa ba, don ya san aikinsa. Wanda ke ratsawa da ƙarfe ta saman kawunan mutane ba ya buɗe baki ya ce yana jin jiri.

Ranar da asirin ya tonu rana ce mai zafi, an kusa tashi cin abinci. Ya ɗago damin rodi, yana juyawa da shi zuwa saman ginin, sai zuciyar ta ɓalle. Wannan karon ba ta tsaya ba. Gumi ya karyo masa, numfashinsa ya gajarta, gilashin da ke gabansa ya yi dishi-dishi. Ya fizgi sanda ba da niyya ba, damin ya fara lilo.

Muryar Dogo ta faso ta oba-oba. Dogo ne ke tsayawa a ƙasa yana yi masa jagora, tun suna samari suke tare.

"Na-Sama, me kake yi haka? Kayan na lilo fa!"

"Dogo, kore mutane daga ƙarƙashi."

"Me ya faru?"

"Kore su, na ce!"

Ya ga mutane suna watsewa kamar an zuba wa tururuwa ruwa. Ya cije leɓe, ya bi damin a hankali har lilon ya mutu, ya sauke shi a kan tulin yashi, ya kashe inji. Sai da ya ji injin ya yi tsit sannan ya miƙe da niyyar sauka. Ya ɗaga murfin ƙasa ya leƙa tsanin da yake iya bi ko da ido a rufe, sai ya ga ƙasa ta yi wani irin nisa da bai taɓa ganin ta yi ba. Ya koma ya zauna.

Ƙofa ba a kulle take ba, babu wanda ya tare shi, amma ya san in ya sa ƙafa a tsanin nan ba da ƙafarsa zai isa ƙasa ba. Rana ta yi ta dukan gilashi. Ya ɗora yatsu a wuyan hannunsa kamar yadda ya ga ana yi, ya ji abin yana gudu, yana tuntuɓe, yana ɓacewa, yana dawowa. Can ƙasa ga mutane sun yi cirko-cirko, kowa ya ɗaga kai ya kare ido da hannu. Ya yi shekaru yana kallonsu, yau shi ake kallo.

Dogo ne ya hau, shi da wani ma'aikaci, ɗauke da ɗamarar tsaro da igiya. Dogo, wanda duk tsawonsa ko kan tebur ba ya son hawa. Ya leƙo da kai ta murfin yana haki, fuskarsa ta yi fari.

"Wallahi in ka mutu a nan ba zan yafe maka ba. Ka san abin da na sha kafin in iso?"

Suka ɗaure shi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suka yi ta saukowa da shi suna hutawa a kowane dandamali. Suna cikin motar kamfani a hanyar asibiti ya ji ƙirjinsa ya yi wani ɗan shiru, sannan bugun ya dawo daidai, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba shi ba.

A asibiti aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a doguwar takarda. Wani matashin likita ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, a yanzu dai zuciyarka ƙalau take tafiya. Jininka ya ɗan hau, za mu ba ka magani. Amma abin da kake faɗa, sai mun kama shi yana yi sannan za mu iya ba shi suna. In ya sake tasowa, ka zo nan take."

Sau biyu yana tasowa bayan haka, sau biyu matarsa tana jan sa cikin tasi, duka biyun kafin su isa ƙofar asibiti ya lafa.

Shugaban aiki bai yi masa rashin mutunci ba. Ya ce, "Ba korarka muka yi ba. In likita ya gano abin, ya magance shi, ya ce ka hau, kujerarka na nan." To, likita bai gano komai ba. Ba a ce ba shi da lafiya ba, ba a kuma ce lafiyarsa lau ba. Ya zauna a tsakiya, ba gaba ba baya.

Sai magana ta fara yawo, wai tsufa ne ya zo masa da tsoron sama, yake laɓewa da ciwo. Yayansa ma da ya zo duba shi ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Ƙanena, tsoro ba abin kunya ba ne. Kowa da ranar da ƙarfinsa ke ƙarewa." Bayan yayan ya tafi, Na-Sama ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa, abincin ranar ma bai ci ba.

Auta ce ta ƙi yarda, 'yarsu ta ƙarshe, malamar makaranta, wadda ta gaji taurin kan ubanta. Ta yi ta zirga-zirga har ta samo masa ganin likitar zuciya a babban asibiti. Likitar wata mace ce mai ƙaramin jiki da tabarau, ba ta gaggawa. Ta bar shi ya ba da labarinsa tun daga kazar cikin buhu har zuwa igiyar Dogo, ba ta katse shi ba.

"Na yarda da kai," ta ce. "Irin wannan ciwon ɓarawo ne, ba ya zuwa in ana jiransa. Sai mu ɗana masa tarko."

Tarkon wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, aka rataya masa ita, wayoyinta manne a ƙirjinsa, tana naɗar kowane bugu. An hana shi wanka. Gam ɗin ya yi ta yi masa ƙaiƙayi, in ya juya a gado wayoyin su harɗe shi. Ya mayar da ita, aka duba, babu komai. Likitar ta ce a sake, da wata mai daɗewa a jiki, mai ɗan maɓalli da zai danna in ya ji abin ya taso.

Wata safiya yana zaune a falo ya kwance fanka yana goge mata ƙura, sai ya ji kazar ta motsa. Ya ajiye sukudireba, ya danna maɓallin da ƙarfi har yatsansa ya yi zafi.

"Maman Auta! Ta zo!"

Ta fito daga kicin da gudu, hannunta duk kumfa. "Wace ce ta zo?"

Ya nuna ƙirjinsa. Gumi na zuba, numfashi na sarƙewa, amma dariya yake yi. Ta tsaya tana kallonsa, ta rasa kuka za ta yi ko faɗa.

"Innalillahi. Mutum na mutuwa yana washe baki. Baban Auta, kanka ɗaya kuwa?"

Likitar ta juyo musu da fuskar kwamfuta, ta nuna musu layi biyu. Na sama a jere yake, tsakanin kowane tudu da na kusa da shi daidai wa daida. Na ƙasa kuwa kamar kaza ta yi tono.

"Ga ɓarawonka," ta ce. "Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Akwai wata 'yar wuta da ke tashi daga wuri ɗaya ta ba da umarni, na sama su matse, na ƙasa su bi. A taka zuciyar, wani lokaci wutar kan tashi daga wurare da yawa a tare. Sai ɗakunan sama su daina matsewa, su koma karkarwa kawai, na ƙasa su rikice su yi ta gudu ba tsari."

"Ke nan ba tsoro ba ne."

"Wa ya ce tsoro ne?"

Auta ta kalle shi ta gefen ido.

Likitar ta ci gaba. Ta ce in ɗaki yana karkarwa ba ya matsewa, jini kan kwanta a lungunsa ya daskare. In gudan jinin ya ɓalle ya bi jijiya ya hau kai, shi ne ake wayar gari ɓarin jiki ya shanye. Ta ce da hawan jininsa, ga sukari ya fara leƙowa, ba za ta bar shi haka ba. Ta tambaya ko yana minshari.

"Likita, maƙwabta za ki tambaya," in ji matarsa.

Aka rubuta masa ƙwaya iri biyu, ɗaya mai rage wa zuciya gudu, ɗaya mai tsinka jini don kada ya daskare. Sai da suka miƙe sannan ya yi tambayar da ya zo da ita.

"To, ƙugiya fa?"

"Ba yanzu ba."

"Sai yaushe?"

"Ba zan yi maka alkawarin da ba ni da iko da shi ba, Baba."

Gida ya zama masa kurkuku, masu gadinsa kuwa masoyansa ne. Tun ranar da ya yanke wajen aski jinin ya daɗe bai tsaya ba, matarsa ta kwashe reza da wuƙaƙe da akwatin kayan aikinsa ta kulle. In ya tashi, "Ina za ka?" In ya daɗe a banɗaki, ta ƙwanƙwasa. An hana shayi mai kauri, an rage gishiri. Auta na kira daga makaranta ta tambaya ko ya sha magani. Ƙwayar rage gudun ta sa jikinsa ya yi nauyi kamar an jiƙa katifa, matakalar gidansu ma sai ya huta a tsakiya. Daga tagar falo, ta tsakanin tankunan ruwan maƙwabta, ana hango kan ƙugiyarsa. An ɗora wani a kai. Yakan zauna ya yi ta kallon yadda mutumin ke fizgar kaya, yana tsaki shi kaɗai.

A cikin wannan zaman ne ya ƙulla wa kansa wata dabara. Ya ƙudurta cewa ƙwayar tsinka jinin ce ta shiga tsakaninsa da aikinsa, don babu kamfanin da zai ɗora mai saurin zubar jini a kan tsanin ƙarfe. In matarsa ta miƙo masa, sai ya ɓoye ta a kumatu, ya je ya tofar a magudanar wanka. Ba kullum ba, lokaci-lokaci, wai ya gwada ko jikinsa zai iya ba ita.

Ana nan sai karkarwar ta zo ta ƙi tafiya. Kwana ya zama mako, ƙafafunsa suka fara kumbura. Likitar ta sa rana za a sa shi barci, a ba zuciyar wutar lantarki sau ɗaya, ta farka ta koma kan tsari.

Ranar ta zo, yana kwance da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, an riga an sa masa allura a hannu. Likitar ta tsaya a kansa.

"Tambaya ɗaya, kuma ina son gaskiya. Cikin makonnin nan, ka taɓa tsallake ƙwayar jini?"

Matarsa ta yi caraf ta ce, "Ko sau ɗaya. Da hannuna nake ba shi."

"Shi nake tambaya. Baba, in akwai gudan jini kwance a ciki, muka ba zuciya wuta ta matse da ƙarfi, mu da hannunmu za mu harba shi zuwa kanka."

Ya kalli silin. Ya tuna wani kawunsa da ya yi shekaru a kwance, ido biyu, yana jin komai, bakinsa ya ƙi kama magana, sai an juya shi yake juyawa.

"Na tsallake," ya ce.

Matarsa ba ta yi faɗa ba, shi ya fi yi masa ciwo. Ta ɗauki jakarta ta fita baranda. Aka cire allurar, aka ɗaga aikin zuwa wasu makonni, sai ya sha ƙwayar ba fashi. Sai da suka kai ƙofar gida ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Ka fi son ƙarfen nan a kanmu. Ba komai. Amma in ka kwanta, ƙarfen ne zai juya ka?"

Daga ranar shi da kansa yake ɗauko ƙwayar, ya sha a gabanta, ya buɗe baki ta gani. Ba ta ce ya yi hakan ba, ba ta kuma ce ya daina ba.

A karo na biyu aka yi. Bai san komai ba, ya dai ji nas tana ce masa ya ja numfashi, sai ya farka da ɗan raɗaɗi a fatar ƙirji kamar ya jingina da ƙarfe mai zafi. Ya yi lamo yana saurare. Ɗaya, ɗaya, ɗaya. Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne, ya bar shi.

Daɗin bai yi nisa ba. Bayan 'yan watanni, yana tsaye a layin biyan kuɗin wuta, zuciyar ta sake ɓallewa. Ya zauna a bakin dakali, mutane na wuce shi, ya ji kamar ya yi ihu.

Likitar ba ta yi mamaki ba. Ta ce akwai sauran hanya. Za a zura siririyar waya ta jijiyar matsematsinsa har cikin zuciya, a nemo inda wutar ɓatan ke tasowa, a ƙone kewayen wurin don ta rasa hanyar fita. Ta faɗa masa haɗarin da ke ciki ba ta rage komai ba, ta kuma ce wasu sai an yi musu sau biyu. Ya kalli matarsa, ya kalli Auta, ya ce a yi.

Abin da ya fi tunawa ba aikin ba ne, kwanciyar bayansa ce. Aka ce ya miƙe a rigingine, kada ya lanƙwasa ƙafa, kada ya ɗaga kai, ko tari zai yi ya danne wurin da hannu. Bayansa ya ƙage. Dogo ya zo ya zauna a gefen gado yana ba shi labarin wurin aiki, wa ya yi faɗa da wa, wa aka kama yana barci a bayan buhunan siminti.

"Dogo, bari ba ni dariya, za ka ɓalle min ɗinki."

"Ai ba ɗinki suka yi maka ba, huda ce. Kwanta, malam, yau dai na fi ka tsawo ta ko'ina."

Watanni suka shuɗe. Zuciyar ta ɗan yi tuntuɓe a farko, kamar yadda aka gaya masa za ta yi, sannan ta daidaita. Aka rage masa ƙwayar da ke sa masa nauyin jiki. Ta jini kuwa likitar ta ce ta zama abokiyar zamansa. Ƙugiya bai sake hawa ba. Likitan kamfani ya ce ba za su ɗora shi a inda in wani abu ya faru ba mai kai masa hannu da wuri ba, Na-Sama ya je ya dawo har ya gaji da roƙo. Suka ba shi aiki a ma'ajiyar kaya, yana duba igiyoyin ƙarfe da sarƙoƙi kafin a fitar da su. Ɗaki ne mai faɗi, ba taga, warin man inji kawai. Bai taɓa cewa yana son wurin ba.

A zuwansu na baya-bayan nan, bayan an gama auna shi, ya tambayi likitar ko yanzu abin ya ƙare.

"Na yi wa wutar shinge, ban kashe ta ba," ta ce. "Yana iya riƙewa shekaru, yana iya ɓulewa. In ya ɓule ka san hanya. Ka rage tumbin nan, ka riƙa tafiya da ƙafa, a kuma duba min minsharin nan."

Suka fito bakin titi. Matarsa ta ɗaga hannu za ta tsayar da tasi, ya sauke mata hannun.

"Kin ji abin da ta ce. Mu taka."

"Daga nan har gida? Da wace ƙafar?"

Suka kama hanya, suka wuce shagunan magani da masu gyaran waya, suka tsallaka gada. A hawan da ke bayan gadar ya ji ba ta kusa da shi. Ya waiga ya hango ta a baya, ta dafa sandar fitilar titi tana mayar da numfashi, takalminta ɗaya a hannu.

Ya koma ya karɓi jakarta ya rataya.

"Sannu. Ko in kira miki Auta?"

"Kar ka soma," ta ce. "Tsaya in huta. Kuma wallahi gobe kai kaɗai za ka yi yawonka."